Ƙafar Kaza da Ɗigo

Shafi na 9

Gatanan gatananku, jikokina na cikin waya.

Na jiyo amsarku tun daga nan, kun ce ta zo ku ji ta. To ga ta, ku gyara zama. Masu cewa na bar su da zullumi ku yi haƙuri, yau za mu sauke kayan nan gaba ɗaya.

Wanda ya shigo yanzu, ga inda muke. Damina ce, shekarar 1996. Ranar Laraba da la'asar Sailuba tana zuba wa 'yan dako shinkafa da wake a bakin kasuwar doya ta Lafiya. Ta juya ta ɗauko manja, ta juyo babu 'yarta Huseina, yarinya 'yar shekara uku. Takalminta ƙafa ɗaya kawai aka tsinta, a daidai inda wata a-kori-kura ta sauke doya ta tafi. Huseina kuwa ita kaɗai ta rage mata, don 'yar'uwar tagwaicinta Hassana ƙyanda ta ɗauke ta a bazara.

Kun san yadda ake yi a kasuwar doya. Kowace mai kaya da alamarta ta fenti a jikin doyar, don kada ƙwaryar wannan, wato tsibin doya ɗari, ta shige cikin ta waccan. Wata zobe ja, wata layi biyu, wata kuros. Tsohon dillalin nan Baba Babandi ne ya duƙa ya ɗauki doya guda daga tsibin da motar ta sauke, ya juya ta, ya ce, "Ƙafar kaza da ɗigo, shuɗi. Kayan Maman Doose ne, 'yar Tibi, rumfarta tana Assakio." Yana faɗa yana sosa kai ta ƙarƙashin hula.

Kafin gari ya waye magana ta cika unguwarsu Bukan Sidi, wai Tibi sun sace yarinya. Mijin Sailuba, Ɗanmusa, ya rantse ana saukowa daga Juma'a zai cika mota biyu da maza su je Assakio. Ita kuwa Sailuba ta san abin da mota biyu ta maza ke haifarwa. In 'yarta tana hannun wani, ranar zai ɓatar da ita har abada. Shi ya sa ranar Juma'ar tana sallame asuba ta fice, ba ta gaya wa kowa ba.

To mu ci gaba.

Motar farko da ta tashi daga tasha ita ta shiga. Ba ta karya ba. Takalmin Huseina yana ƙulle a haɓar zaninta, duk ramin da motar ta faɗa sai ta ji ya bugi cinyarta.

Da hantsi ta sauka Assakio. Mutum biyu ta tambaya aka nuna mata rumfar, can ƙarshen layi, gindin mangwaro.

Wata mata ce zaune a kan kujera 'yar tsugunno, gajeriya kakkaura, ba za ta wuce sa'ar Sailuba ba. Tsibin doya a gabanta, gwangwanin fenti a tsakanin ƙafafunta. Sunanta Mnena, amma kowa da sunan 'yarta yake kiranta.

"Salamu alaikum. Ke ce Maman Doose?"

Matar ta ɗago. Ta dubi gyalen Sailuba, ta dubi ƙafafunta da suka sha taɓo, ta yi maza ta mayar da ido kan doya.

"Ni ne. Kana son doya?"

Hausarta irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta.

"Ba doya nake nema ba. 'Yata nake nema."

"Nan babu yara. Doya ne kawai."

"Shekararta uku. Rigarta ruwan ɗorawa, an yi mata kitso guda huɗu, da laya a wuyanta." Sailuba ta kwance haɓar zani. "Ga ɗan'uwan takalmin da ke ƙafarta."

Mnena ba ta dubi takalmin ba.

"Na ji labari. Allah ya sa a gan shi."

"Motarki ce ta sauke kaya a wurin."

"Mota nawa yake sauke kaya a Lafiya ranar Laraba? Ka ƙirga?"

"Ina direban?"

"Mijina ne, Iorliam. Yana gona."

"Kai ni wurinsa."

"Ruwa ya cinye hanya."

Sailuba ta zube a kan gwiwoyinta, nan cikin ɓawon doya da ciyawa.

"Baiwar Allah, ki dube ni. Ba zan tambaye ki komai ba. Wallahi ba zan tambaya ba. In kin san inda take, ki sa a ajiye ta a bakin titi, ni zan ce tsintar ta na yi. Na binne guda a bazara. Da hannuna na naɗe ta. Ba ni da wata."

Fenti ya ɗiga daga gashin kazar da ke hannun Mnena, ya ɓata mata zani. Ba ta lura ba.

"Tashi, madam. Mutane suna kallo. Tashi, kada ka jawo mini magana."

"Maganar tana hanya. Ana idar da Juma'a maigidana zai taso da mota biyu. Na riga su ne don kada a zubar da jini."

Fuskar Mnena ta canza nan take.

"Ka gani ko? Kun gama yanke hukunci tun daga gida. To me ka zo tambaya?"

"Na zo roƙo ne."

"Ban gan yarinya ba. Na faɗa maka. Je ka."

Sailuba ba ta tafi ba. Sai ta ja jiki ta jingina da dirkar rumfar. Kwana biyu ba barci, ba abinci sai ruwa. Hawayen ma sun ƙare. Ta zauna kawai, takalmi a cinya, ta zuba wa hannun matar ido, don ba ta da wani wurin da za ta kalla.

Ita kuma Mnena ta duƙufa kan aikinta kamar wadda aka sa wa wa'adi. Ta jawo doya. Da hagu take riƙe gashin kazar. Ta ja layi ɗaya, biyu, uku, harshenta a tsakanin haƙora. Sannan ta tsoma babban yatsanta na dama a gwangwani, ta danna a ƙasan layukan. Ta ture doyar, ta jawo wata.

Layi uku. Yatsa.

Layi uku. Yatsa.

Sailuba ta sha ganin alamar a kasuwa cikin alamomi barkatai, ba ta taɓa ce mata komai ba, don daminar nan ta fara sana'a a wurin. Amma ba ta taɓa ganin ana yin ta ba sai yau. A doya ta biyar ta ji wani abu yana yi mata susa a ƙirji. A ta shida ya hau maƙogwaro. Ta toshe baki da gyale, ya ƙi tsayawa.

Dariya ce, jikokina. Mace 'yarta ta ɓata, tana zaune a ƙasa tana dariya har kafaɗunta na girgiza. Dariyar ba daɗin ji, kamar tari.

Mnena ta ja kujerarta baya.

"Me ya faru? Ka haukace ne?"

"Ɗigon nan," in ji Sailuba, tana haki. "Da yatsa kike yin sa."

"To?"

"Kowa da tsinke yake yi, ko da gashi. Wa ya koya miki da babban yatsa?"

"Ba ruwanka."

"Ni ma na taɓa yin irinsa. Sau ɗaya tak. Ba a kan doya ba." Ta goge ido. "A kan mutum."

Hannun Mnena ya tsaya a bakin gwangwani.

Sailuba ba da ita ma take ba. Maganar ce kawai take zubowa, irin ta wanda gajiya ta kwance wa baki.

"Shekarar da aka buɗe makarantun UPE ne, ina 'yar shekara tara, ina tallan dafaffiyar gyaɗa a kasuwar doya. Wani dillali ya ci ya ƙoshi, ya miƙe a benci, ya cire hula ya rufe fuska da ita. Ga sanƙo, Allah ya yi sanƙo a wurin, yana ƙyalli kamar an shafa masa man gyaɗa. Ga wata yarinya an bar ta tana gadin gwangwanin fenti. Ba ta jin Hausa ko zo in kashe ki. Na dubi kan, na dube ta. Ta dubi kan, ta dubi gwangwani."



"Yana minshari," in ji Mnena a hankali.

"Na'am?"

"Mutumin. Yana minshari. In ya ja, sai in ja layi ɗaya. In ya sake, sai in tsaya."

Sailuba ta ɗago kai. Yanzu ne suka dubi juna ido cikin ido.

"Layi uku," in ji Mnena. "Alamar mamana."

"Ni kuma na ga kamar bai cika ba."

"Sai ka tsoma yatsa."

"Na danna."

"Da ƙarfi ka danna. Har ya ce umm, ya kaɗa hannu, yana tsammani ƙuda ne."

"Muka ruga ƙarƙashin wata babbar mota."

"Ka cusa gyale a baki. Kamar yanzu."

"Ya tashi, ya ga ana zafi, ya cusa hular a aljihu."

Mnena ta saki gashin kazar, ta riƙe ciki. "Ya zaga kasuwa duka. Duka. Ni ban ji abin da suna faɗa ba, amma na gan mutane suna faɗuwa ƙasa."

"Cewa suke, Babandi wa ya saye ka? Wani ya ce, nawa ƙwaryar irin wannan? 'Yan dako suka biyo shi da kwando, wai mai kaya ta ce a loda shi."

"Shekara ashirin ban san me suka ce ba," in ji Mnena, hawaye na gangaro mata don dariya. "Ashe haka."

"Muka cinye gyaɗar tas a ƙarƙashin motar. Innata ta zane ni da tsintsiya. Yatsan kuwa na naɗe shi da tsumma mako guda, na ce wuƙa ce."

"Ni mamana ya gane ƙafar kazarsa, ya dake ni tun daga Lafiya har gida. Amma ya ce ɗigo ba namu ba ne, wa ya yi? Na ce ban san sunansa ba." Ta miƙo babban yatsanta. Shuɗin ya shige har ƙarƙashin farce, ya zama kamar halitta. "Da na fara kasuwa nawa, aka ce sai alama ya bambanta da na mama. Na tuna yarinya mai gyaɗa. Shekara goma sha biyu ina danna yatsanka a kan doya."

Dariyar ta yi ta raguwa har ta mutu. Iska ta kaɗa ganyen mangwaro. Idon Mnena ya sauka kan takalmin da ke cinyar Sailuba, wannan karon bai kauce ba. Ta daɗe tana kallon sa. Sannan ta rufe fuska da tafin hannu biyu, fenti ya shafe mata kumatu.

"Yana da rai."

Sailuba ba ta motsa ba.

"Yarinya. Yana wurin mamana a gona. Ya ci, ya sha. A bayana ya yi barci."

Sailuba ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Sai ganin hannunta ta yi a wuyan rigar matar, ta shaƙe.

"Kwana biyu," ta ce, muryarta can ƙasa. "Kwana biyu ina leƙa rijiyoyi. Na shiga kwalbati da rarrafe. Na je asibiti na ce a buɗe mini inda ake ajiye gawa. Yanzun nan na durƙusa miki, kika dube ni kika ce je ka."

"Dake ni. Ka dake ni, ba zan rama ba."

"Me ya sa?"

"Ya shiga bayan mota ne da kansa, cikin ciyawa da muke shimfiɗa wa doya. Ya yi barci. Ba mu gan shi ba sai a gona, da Iorliam ya zo zubar da ciyawa. Ruwa ya sauko, rafi ya cika, babu komawa. Jiya da safe na haye na zo nan, in nemi mota in kawo shi Lafiya. Sai direbobi suna hira a tasha. Wai Tibi sun sace yarinya za su yi tsafi. Wai duk wanda aka kama da shi, taya da fetur." Ta dubi Sailuba. "Ni ma ina da yara uku, madam. Na ce bari gobe. Gobe ya zo, tsoro ya ƙaru. Da na gan ka da gyale, na ce shi ke nan, sun aiko mace ya fara leƙo."

Hannun Sailuba ya saki a hankali. Ta tsaya tana kallon matar, haushi da tausayi suna kokawa a cikinta. Abin da ya fito daga bakinta daban.

"Tana tari da dare. Kun rufe mata ƙirji?"

"Da zanin mama. Bai yi tari sosai ba."

"Tashi mu je."

Mashin suka hau su biyu, ya kai su inda hanya ta ƙare a bakin rafi. Ruwan jajir, yana gudu da rassan itace. Sailuba ba ta iya ruwa ba, tun tana yarinya ko kududdufi ba ta shiga. Ta dubi rana, ta kusa tsakiya. Ta cusa takalmin a cikin ɗankwali, ta ɗaure tam.

"Riƙe ni nan," in ji Mnena, ta miƙa mata tsintsiyar hannu. "Kada ka kalli ruwa. Kalli bayan kaina."

Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. A tsakiya ƙafar Sailuba ta zame, ta sha ruwa, ta ji duniya ta juye. Mnena ta fizgo ta da ƙarfin mai ɗaga doya.

"Ba yau ba. Ka zo har nan, ba yau ba."

Daga rafin suka yi tafiyar kusan awa guda a tsakanin kunyoyin doya, zani yana manne musu a jiki. Can sai ga bukkoki huɗu zagaye da fili, ga a-kori-kura a gefe an lulluɓe ta da ganye. Wata tsohuwa, uwar Mnena, tana zaune a bakin murhu. Kusa da ita, a kan tabarma, wata 'yar mitsitsiya naɗe cikin zani mai ratsin baƙi da fari, tana dangwalar gasasshiyar doya a manja.

Sailuba ta tako cikin filin.

Huseina ta ɗago ta gan ta. Ba ta ruga ba. Ta turo baki, ta juya mata ƙeya, irin fushin da take yi in an daɗe ba a ɗauke ta ba. Sai da Sailuba ta zo ta durƙusa a bayanta, ta sa hanci a cikin kitsonta, sannan yarinyar ta miƙo ƙafa ɗaya, ba tare da ta juyo ba.

"Inna, takalmina."

Sailuba ta kwance ɗankwali ta ciro shi, jiƙe sharkaf. Sau uku tana ƙoƙarin sa mata, yana zamewa. Tsohuwar ce ta karɓa ta sa. A nan kukan da ya ƙafe kwana biyu ya ɓalle, har Huseina ta tsorata ta kama nata.

Iorliam ya fito daga bayan bukka, dogo siriri, idonsa ja don rashin barci. Mnena ta yi masa bayani da yarensu. Ya girgiza kai, ya nuna ta, ya nuna ƙasa. Ba sai an fassara ba, cewa yake ba inda za ta.

"Gaskiyarsa ne," in ji Sailuba. "Ki zauna. Ni zan koma da ita, in ce a hanya na tsince ta."

"Da wane baki za su yarda? Rumfa nawa ba shi kaɗai ne a layin ba. In ba su gan ni ba, na kowa za su ƙone." Mnena ta gyara ɗaurin zani. "Ni na ɓoye, ni zan tsaya."

Iorliam ya dube ta. Can ya duƙa ya ɗauki Huseina ya ɗora a wuya, ya shige gaba. Shi ya haye da ita rafin, ruwa bai taɓa ko takalminta ba.

La'asar ta kawo jiki lokacin da suka shigo Assakio. Tun daga nesa Sailuba ta hango motocin biyu.

Sun riga su.

An watsar da tsibin doyar, gwangwanin fenti ya kife. Matan layin duk sun gudu sun bar kayansu. Mazan Bukan Sidi sun kewaye rumfar da sanduna, wani matashi riƙe da jarkar fetur, ya riga ya cire murfin. Can ɗaya gefen titi samarin Tibi suna taruwa, kowa da adda ko fartanya. A tsakiyar rumfar kuwa, a kan kujerar Mnena, Baba Babandi ne zaune, ya dogara sandarsa.

"Na gaya muku," yake cewa, "na biyo ku ne in nuna rumfa, ban biyo ku in ga wuta ba. Mai zuba man nan ya fara ta kaina."

"Baba ka tashi," in ji Ɗanmusa. Muryarsa ta dushe, rigar Juma'arsa ta jiƙe da gumi. "'Yata da matata duka babu. Ka tashi."

"Malam."

Ya juyo. Sailuba ce, jiƙe, ba ɗankwali, da goyo a baya. Kan goyon ya leƙo ta gefen kafaɗarta, baki duk manja.

Sandar ta faɗi daga hannunsa. Ya zo ya kwance yarinyar da kansa, ya ɗaga ta, ya juya ta gaba da baya yana duba hannu da ƙafa, yana ta faɗin alhamdulillahi kamar ba zai daina ba.

Amma sauran ba su sauke nasu sandunan ba. Idonsu yana kan Mnena da mijinta.

"Ga su nan," in ji mai jarka. "A ina aka same ta?"

"A hannunsu, ba ga shi ba."

"Kwana biyu suna me da ita?"

Da'irar ta fara matsowa. Can gefen titi addunan suka ɗaga. Sailuba ta waiga ta dubi Mnena. Ta matsa ta tsaya a gabanta sosai, ta buɗe hannuwa.

"Da ƙafarta ta hau motar, ta yi barci a cikin ciyawa. Jiya matar nan ta fito za ta kawo mana ita, ta ji kuna maganar taya da fetur. Bakinku ne ya ƙara mini kwana guda ba 'yata. Kwana biyun nan a wurin ƙawata ta yi su, an goya ta, an ciyar da ita."

"Ƙawa?" in ji Ɗanmusa. "Shekara goma muna tare, yaushe kika yi ƙawa a Tibi?"

"Ta girme aurenmu. Shekara ashirin."

"Rufa mata asiri kawai take yi," wani ya ce daga baya. "Sun ba ta wani abu ta sha."

"Ina da shaida, kuma a motarku ya zo."

Ta taka zuwa bakin rumfar, inda fentin ya malale a ƙasa. Ta duƙa ta tsoma babban yatsanta. Ta je gaban tsohon ta durƙusa, ta ɗaga yatsan sama yadda kowa zai gani.

"Baba, ka yafe mana. Ranar da ka yi barci a benci. Ita ta ja ƙafar kazar. Ni na danna ɗigon."



Baba Babandi ya dubi yatsan. Ya dubi Mnena. A hankali ya sa hannu ya cire hularsa, sanƙon ya bayyana, yana nan yadda yake, sai dai ya ɗan yamutse.

"Kwana tara," ya ce. "Kwana tara ina dirzar kan nan da kananzir. Liman ya ce sai fentin ya fita shafar kaina a alwala za ta inganta. Matata ta ƙi zama kusa da ni don wari. Har yau akwai masu kira na Ƙwarya Ɗaya a bayan idona, suna tsammani ban sani ba."

Wani tsohon ɗan dako a cikin taron ya yi wani irin sauti ta hanci, ya juya baya.

"Mai ƙafar kazar na gane ta tun ranar da ta fara kawo kaya da alamar nan. Na yi shiru. Shekara goma sha biyu ina sayar mata da doya, ina cewa wata rana mai ɗigon za ta bayyana." Ya nuna Sailuba da sandarsa. "Ashe shinkafarta nake ci kullum, har ina ce mata Allah ya yi albarka."

Tsohon ɗan dakon nan ya kasa riƙewa, ya fashe. "Ni na ɗauko kwandon ranar," ya ce, yana dukan cinya. "Wallahi ni ne." Na kusa da shi ya kama, sai na gaba. Manyan da suka san ranar suna ba yaran labari, kowa yana ƙara nasa. Wani ya fassara wa samarin da ke gefen titi, dariya ta tashi a can ma. Mai jarka ya duba hagu ya duba dama, ya ga shi kaɗai ya rage da ɗaure fuska. Ya laluba ƙasa ya nemo murfin ya rufe.

Ɗanmusa bai yi dariya ba. Ya tako da 'yarsa a kafaɗa ya tsaya gaban Iorliam. Sannan ya miƙa masa hannu.

"Wa ya haye da ita rafin?"

"Ni ne."

"Na gode. Doyar da muka watsar, mu za mu tara."

Haka kuwa aka yi. Mazan da suka zo da sanduna su suka tsince doyar ɗaya bayan ɗaya suka jera, Baba Babandi yana zaune yana yi musu faɗa in sun ƙuje mata baya.

Ga yadda kowa ya ƙare. Baba Babandi ya yi shekara huɗu bayan nan, kullum Sailuba tana kai masa shinkafa da wake har rumfarsa, ya ce wannan ce tarar ɗigo. Iorliam bai sake tayar da mota ba sai ya sa sanda ya birkita ciyawar baya. Ɗanmusa da Sailuba sun ƙara samun yara uku. Huseina ta girma tana hutun makaranta a gonar nan ta bayan rafi, ta iya Tibi kamar a can aka haife ta, yanzu tana aure a Azuba. Mnena da Sailuba sun tsufa tare, duk Laraba suna cin abinci a kwano ɗaya. Doose ce take riƙe da rumfar Assakio a yau. An ce mata ta canza alama kamar yadda aka saba, ta ƙi. Doyarta har gobe ƙafar kaza ce da ɗigo, kuma da babban yatsa take dannawa.